Sharar da Ta Ci Ɗorawar Gwaggo

Ni na yi tafinta a ranar. Gara in faɗi wannan tun daga farko, domin a Ƙofar Jatau masu ba da labarin nan kashi biyu ne: masu tsallake wurin don jin nauyina, da waɗanda ba su riƙe komai a cikinsa ba sai wurin. Ni kuwa shekarun nan duka ina juya shi a raina, yau in ɗora wa kamfani, gobe in ɗora wa Baffa, jibi in ɗora wa Turanci, ƙarshe dai kayan ya dawo kaina.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu na gado, aka ba ta ɗakin ƙurya kusa da rijiya, kuma tun daga ranar gidan ya kama warin daddawa bai sake ba. Baƙo in ya yi sallama a zaure, hancinsa ke fara gaya masa sana'ar gidan. Muna yara mukan toshe hanci don mu tsokane ta, ita kuwa ta ce mu bari a zuba miya, za ta ga mai toshe baki. Ba ta taɓa kiran sunana ba, don sunan mahaifinta aka sa mini. Mai sunan Baba take ce mini, tun ina rarrafe har na yi furfura a gemu.

Da aka zo rabon gadon kakanmu, malaman da suka zauna sun fitar mata da kasonta a gonarmu ta bayan dutsen Kufena. Ta ce ba ta son ƙasa, ita ba noma za ta yi ba, a bar mata ɗorawa ukun da ke tsakiyar gonar. 'Yan'uwanta maza suka amince da rawar jiki, don a ganinsu sun yi mata wayo. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, gona ta wani, itacen da ke cikinta na wani. Mai gona zai yi nomansa har gindin itacen, amma ko reshe ba zai karya ba sai da izinin mai shi. Kowa a ƙauyen da ke gefen gonar ya san ɗorawar nan ta Hajiyar birni ce, ko da yake Gwaggo ba ta taɓa zuwa Makka ba.

Kowace da sunanta a wurinta. Akwai Babba, akwai Mai Zaƙi, wadda garinta ya fi daɗin lasa, sai ta ukun da take kira Malalaciya, don sai sauran sun gama take nuna. In tutu ya fito, jajayen furannin nan masu reto, Gwaggo ta fara lissafin kwanaki ke nan. Da bazara ta yi, sai ta ɗauki hayar mata biyu daga ƙauyen, su tafi da maƙata, ita tana ƙasa tana ba da umarni kamar sarkin gini. Ba abin da take zubarwa. Garin ta sayar wa masu kunu, ɓawon ta tara wa magina su jiƙa makuba su shafe katanga, kalwar kuwa, wato ƙwayar, ita ce jarinta. Ta dafa ta wuni guda, ta surfa, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe da ganye kwana uku har ta yi yauƙi ta soma wannan ƙamshi da mu muke kira wari, sannan ta kirɓa ta mulmula ta shanya. Daga Ƙofar Doka mata ke aikowa, har da gidajen malamai da ba sa yarda da daddawar kasuwa. Da ɗorawar nan ta aurar da 'ya'yanta biyu, da ita take yin zumunci, da ita take yin layya. Ban taɓa ganin Gwaggo ta miƙa wa wani hannu ba, kuma abin da ta fi alfahari da shi ke nan a duniya.

Wata shekara sai ga labari ya cika gari, wai wani kamfani ya zo da shirin bunƙasa yankinmu da arzikin itatuwa. Za a dasa itacen turare mai saurin girma a gonakin bayan Kufena, a kafa masana'anta, a riƙa yin katako, a matse garin katakon a yi gawayin zamani, ganyen ma a tatsi mai. Samari za su samu aiki, za a yi hanya. Masu gona ba sayarwa za su yi ba, aro za su bayar na wasu shekaru, kuma suna da rabo a abin da aka sare. Ban ga laifin wanda ya yi kwaɗayi ba. Gonar tamu ta gaji, taki ya yi tsada, samarin gidanmu kuwa ba mai son riƙe fartanya, duk sun koma acaɓa.

Ni a lokacin ina koyar da Turanci a ƙaramar sakandare. Da aka sa ranar taro a makarantar firamaren ƙauyen, sai dagacin ya aiko wa Baffa, yayan mahaifina kuma babban gidanmu, cewa a zo da ni in yi tafinta, don wanda kamfanin ya kawo Hausarsa ta kasuwa ce, ba ta wuce nawa-nawa ba. Na sa babbar riga. Wannan ma ina tunawa da shi in ji haushi, don ba wanda ya ce mini biki ne.

Shugabansu ɗan ƙasar nan ne, amma daga ji ya daɗe a waje, Turancinsa ta hanci yake fitowa. Ya kafa farin ƙyalle a jikin allo yana haska hotuna, itatuwa a jere kamar sahun salla, da mutane cikin hular kwano suna murmushi. Yana faɗa ina juyawa. Da ya kawo wata doguwar kalma da ban taɓa ji ba, na yi jim kaɗan, sannan na ce tattalin arzikin daji. Dattawa suka gyaɗa kai, wani ya ce, ai tattali abu ne mai kyau. Wallahi na ji daɗin kaina a lokacin. Na waiga na ga Baffa yana dubana kamar shi ya haife ni, sai kaina ya ƙara girma.

Can sai mutumin ya zo kan yadda aiki zai fara. Ya ce kafin ruwa ya sauka za a yi abin da ya kira kiliyarin da Turanci. Ban ko yi numfashi ba na ce za a yi shara.

Wanda bai taɓa noma ba ba zai gane girman abin da na yi ba. A wurinmu sharar gona aiki ne sananne, kowace bazara ake yin ta. Ka tattara karan bara da tushiya, ka sassare sabara da ƙananan ƙayoyin da suka tsiro, ka tara ka cinna wuta, tokar ta zama taki. Shi ke nan. Tun kaka da kakanni ba a taɓa jin wanda ya je shara ya taɓa ɗorawa ko kaɗanya ko kuka ba. Ko mahaukaci ya san waɗannan ba datti ba ne.

Wani tsoho da gonarsa ke maƙwabtaka da tamu, mutum mai kaɗanya da yawa, ya ɗaga sandarsa daga baya.

"Malam, a gafarce ni. Sharar nan, irin tamu ce?"

Ga gaskiyar da ban taɓa faɗa a zaure ba. Na yi shakka. A ɗaya daga cikin hotunan da aka haska, can a gefe, na hango wata rawayar mota mai haƙora, kuma zuciyata ta ce mini, juya ka tambayi mutumin nan. Taku ɗaya ne tsakanina da shi. Amma in na juya, kowa zai ga malamin Turanci bai gane ba, ga ɗalibaina biyu a jikin taga, ga Baffa, ga babbar riga. Sai na yi murmushi irin na wanda aka yi wa tambayar yara.

"Shara dai da kuka sani, Baba," na ce.

"To madalla," in ji shi, ya sauke sandarsa.

Aka kawo takardu, masu gona suka dangwala. Takardar tana tambayar mai gona ne kawai, ba ta da gurbin mai itace, don wanda ya tsara ta bai san ana raba su ba. Baffa ya dangwala a madadin gidanmu. Ba wanda ya tuna da Gwaggo, ni ma da na karanta musu takardar da gaggawa ban tuna ba. Aka raba lemon kwalba da biskit, muka watse muna ta sa wa kamfani albarka.

Da na koma gida na tarar da ita a bakin murhu tana tsame kalwar bara da ta rage. Labari ya riga ni isowa, kamar yadda ya saba.

"Mai sunan Baba, an ce kai ka yi musu magana da Bature."

"Ba Bature ba ne, Gwaggo, baƙi ne kamarmu."

"To ko ma wane ne. Ɗorawata fa?"

"Haba Gwaggo, shara ce kawai za su yi su dasa nasu a tsakani. Wa kika taɓa ji ya sare ɗorawa a shara?"

Ta dube ni, sannan ta mayar da ludayinta cikin tukunya.

"Tunda kai ka ji da kunnenka, shi ke nan. Bana ta yi tutu sosai, har Malalaciya."

Da a daren nan ma na sake tunani, da washegari na hau babur na je ofishinsu na tambaya. Kwana ashirin da wani abu Allah ya ba ni tsakanin taron da ranar da aka fara aiki. Kullum sai abin ya faɗo mini, kullum sai in ce ai ba za su yi haka ba, mutanen da suka zo dasa itace ina su ina sare itace? Da wannan na riƙa lallashin kaina har lokaci ya ƙure.

Ina cikin aji da hantsi sai ga ɗan tsohon nan mai kaɗanya, magidanci ne, ya tsaya a ƙofa ko sallama babu. Ya ce in fito in ga sharata. Na bi shi a kan babur, tun kafin mu zagaya dutsen nake jin rurin injin. Da muka isa ban gane gonarmu ba. Iyakokin da aka yi da jema da aduruku duk sun tafi, fili ya zama ɗaya tun daga hanya har gindin tudu, ja wur. Katafila biyu ke aiki. Babba tana kwance, saiwoyinta a sama sun fi ni tsawo, Mai Zaƙi an tura ta kan wata tsamiya. Malalaciya kuwa a gabana aka kayar da ita. Na yi ta ɗaga hannu ina ihu, direban ko bai ji ba ko ya ji ya ƙi, ban sani ba. Saura mako biyu ko uku 'ya'yan su nuna. Suna nan reto a jikin rassan, kore shar, ba su da amfanin komai.

Na yi kan mai kula da aikin, wani saurayi da takarda a hannu. Na zazzaga masa duk Turancin da na sani, har da wanda ban san ina da shi ba. Ya bar ni na gama, sannan ya buɗe takardar ya nuna mini layin da yatsa, cikin ladabi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya ce ai an yi bayani a taro, kuma in bai manta ba ni ne na fassara. Ya ce itacen turare ba ya son inuwa, kuma injin dashe ba ya iya kewaye-kewaye. Ya ƙara da cewa guma-guman namu ne, kamfani ba ya buƙata, muna iya kwashewa.

Matan ƙauyen suna tsaye a gefe, wasu na kuka, don ba Gwaggo kaɗai aka yi wa ba. Akwai mai kaɗanyar da take man kaɗe, akwai mai kuka, akwai mai tsamiya. Maza kuwa suka zagaye ni. Na ɗauka duka za su yi mini, kuma da sun yi da na fi samun sauƙi. Tsohon ne ya ratso su a hankali, ya tsaya a gabana yana dogara sanda.

"Malam," ya ce, "ashe ku a boko haka kuke shara?"

Daga ranar sunana a ƙauyen ya zama Malam Shara. Har yau in na bi ta kasuwarsu sai na ji wani ya faɗa ƙasa-ƙasa, yaran da ba a haifa ba a lokacin ma sun iya.

Ban san abin da ya sa na tsinki ɗanyun 'ya'yan na cika buhu na ɗauro a babur ba. Wataƙila don kada in shiga gida hannu rabbana. Na same ta zaune a ƙofar ɗakinta, matan gida sun kewaye ta kamar ana zaman makoki. Na ajiye buhun na durƙusa. Na fara bayani, wai kamfani ya yaudare mu, wai ba haka aka faɗa ba, wai za mu kai ƙara. Ta sa hannu ta ɗauki ɗaya, ta ɓalle ta, ta duba cikin, fari fat ba ko alamar gari.

"A ba awaki," ta ce. "Sannu da hanya, Malam."

Malam. Abin da masu kawo mini 'ya'yansu makaranta ke kirana. Ba ta zage ni ba, ba ta yi mini baki ba, ba ta ko daina amsa gaisuwata ba. Sunan mahaifinta kawai ta karɓe, kuma ba ta sake mayar mini da shi ba.

Baffa, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ba ya son asara. Ya sa aka faskara guma-guman aka kawo gida a kura, aka jibge a bayan zaure, wai ko banza an huta da sayen itacen girki har kaka. Matan gida suka fara hura wuta da shi. Ranar farko da aka kai wa Gwaggo tuwo, ta tambayi da me aka dafa. Aka gaya mata. Ta rufe kwanon ta mayar. Tun daga ranar ta koma girkin kanta a ɗan murhunta, da kara da tsinke-tsinken da take tsinta, tsohuwa mai ciwon gwiwa, alhali ga itace tsibi guda a gidan. Baffa ya ce taurin kai ne, itace ai itace ne. Na yi masa tsawa a gaban iyalinsa, abin da ban taɓa yi ba, ya ce in ba ni da kunya in tuna wa ya ce shara. Muka yi wata biyu ba ma haɗa ido. Ni dai na ci tuwon nan, ba zan yi ƙarya ba, yunwa ba ta san ɗorawar wa aka ƙona ba.

Ƙarar da na ce za mu kai ba ta je ko'ina ba. Wani lauya abokin karatuna ya duba takardar ya ce mini, da wane suna Gwaggo za ta shiga, bayan ba ta cikinta? Kuma in an kira shaida a kan abin da aka faɗa a taro, wa za a kira? Na naɗe takardata na fito.

Na yi ƙoƙarin gyara abin da hanyar da na iya. Na je kasuwa na sayo mata kalwa, ta karɓa ta yi godiya kamar baƙo ya kawo mata tsaraba. Ta dafa sau biyu. Ta ce kalwar gauraye ce, ta bana da ta bara da ta wani gari, wata ta dahu wata ba ta dahu ba, ba ta rufuwa daidai. Masu aikowa daga Ƙofar Doka suka ce daddawar ta canza. Ita da ta saba a yaba, ba ta jira an faɗa sau biyu ba. Ta wanke babbar tukunyarta ta kife, daga baya ta ba wata maƙwabciya mai wainar saida. Gidanmu ya daina wari, matan gida suka koma dunƙulen kanti. Da ƙarfinta ya ƙara raguwa, kara ma ya gagare ta tsinta, sai ta zama mai jiran a miƙo mata kwano. Ranar sunan jikar wata ƙawarta na ji ta tana tambayar matata ko tana da ɗan sabulun da za ta ba ta ta riƙa a hannu. Na shige ɗaki na rufe ƙofa, don ban iya jin ƙarshen maganar ba.

Turare kuwa ya girma, wannan ba ƙarya suka yi ba. Cikin 'yan shekaru ya wuce tsawon soro. Samarin ƙauyen sun samu aikin reno da dashe damina biyu, wasu sun sayi babur, ba zan hana su faɗin alherinsa ba. Masana'antar ce dai har yau ba ta wuce katanga da allon sanarwa ba, allon ma rana ta cinye rubutun. Fararen motocin kamfanin suka rage zuwa, sannan suka daina. Aka ce kamfanin ya samu matsala da masu ba shi jari, aka ce ya koma wata jiha, kowa da abin da ya ji. Yanzu masu gona ke sare sandunan da kansu suna sayar wa magina su tokare rufin siminti. A ƙarƙashin turaren ko ciyawar kirki ba ta fita, akuya ma ba ta cin ganyensa.

Abin da ke ci mini rai, in na ajiye nawa laifin gefe na minti ɗaya, shi ne mutanen nan sun zo ne su koya mana cin arzikin itace. Sun tarar da mata suna cin arzikin itace tun kafin a haifi kakanninsu, daddawa da man kaɗe da kuka da tsamiya da makuba, kowace da kasuwarta da masu sayenta, amma da yake abin ba shi da allon sanarwa, kuma a hannun tsofaffin mata yake, sai suka gan shi a matsayin abin da ya tare wa injin hanya. Da sun tambayi mace ɗaya a taron nan da sun ji. To amma ko mace ɗaya ba a gayyata ba, kuma ni da aka gayyata na san duk wannan, a cikinsa na girma.

Bara, bayan sallar layya, Gwaggo ta aiko a kira ni. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni, amma hankalinta garau. Ta ce tana so in kai ta gona. Tun ranar da abin ya faru ba ta taka wurin ba. Na ce rana, na ce gwiwarta, na ce ba abin gani. Ta ce ba shawara ta nema ba.

Na ɗauko mai keke mai ƙafa uku ya kai mu har inda hanya ta ƙare, daga nan na riƙe hannunta muka shiga cikin turaren. Layi bayan layi, kowane kamar ɗan'uwansa, busasshen ganye na ƙara a ƙarƙashin takalmanmu. Da can in ka tsaya a gonarmu kana ganin Kufena sosai, da shi muke gane gabas da iyaka. Yanzu ko dutsen ba a hangowa. Surin da ke kusa da Babba an baje shi, ɗan kwarin da ruwa ke bi an cike. Ni da na yi ƙuruciyata a gonar nan, wallahi ban san ko a cikin tamu muke ko a ta maƙwabta ba.

Muka yi tafiya kaɗan ta tsaya tana haki.

"A ina suke?" ta ce.

Na duba hagu na duba dama. Tsohuwa ce ta gaji, ta taso tun daga birni don wannan, ga rana tana ɗagawa. Na ga wani wuri da turare biyu suka mutu aka samu ɗan sarari.

"Nan ne, Gwaggo. Nan Babba take."

Ta saki hannuna ta taka zuwa wurin a hankali. Ta durƙusa da ƙyar, ta share ganyen da tafin hannunta, ta ɗebi ƙasar ta murza, ta kai kusa da idonta, ta shinshina. Ta daɗe a haka. Na fara jin sanyi a raina, ina cewa ko banza na yi mata abu ɗaya.

Sai ta watsar da ƙasar ta karkaɗe hannunta.

"Nan tsakuwa ce. Baba bai taɓa samun tsakuwa a gonarsa ba."

Na buɗe baki zan ce katafila ce ta juya ƙasar, ta ɗaga mini hannu.

"Malam, in ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. Ba a kashe mutum don wannan." Ta miƙo hannu in tashe ta. "Tun ran nan abin da ya kamata ka ce ke nan."

Ban taɓa gaya mata na yi shakka a taron ba, ban gaya wa kowa ba. Na tashe ta, na kakkaɓe mata zane, muka juya muna neman hanyar da muka shigo.

"Ta ina muka biyo?" ta ce.

"Ban sani ba, Gwaggo."

"To mu tsaya mu ji ƙarar mota," ta ce, muka tsaya.